Ƙungiyar Raina Kama da Zargin Batsa a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Tsakanin 1968 da 1969 an yi wata ƙaramar maɗaba'a a Los Anjalas ta Amurka mai suna Essex House. A ƙarƙashin editanta Brian Kirby ta fitar da littattafan batsa kimanin 40, waɗanda wasu daga cikinsu suka gwama batsa tsagwaronta da labaran ƙirƙira na wata duniya daban, ciki har da A Feast Unknown (1969) na Philip José Farmer. Ciniki bai biya ba, aka rufe ta. Ƙasar Hausa ba ta yi irin wannan maɗaba'a ba. Mafi kusa da ita, ta fuskar gajartar rayuwa da irin zargin da ta sha, ita ce Ƙungiyar Raina Kama ta Kano.

2.0 Raina Kama

Lokacin da tattalin arziƙin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, Kamfanin NNPC na Zariya ya ja baya wajen buga ƙagaggun labarai, sai matasa suka koma buga nasu da kuɗin aljihunsu. Cikin wannan hali Raina Kama ta bayyana, sunanta kuwa daga karin maganar nan ne, raina kama ka ga gayya. Ba ta da injin ɗab'i. Abin da ta mallaka shi ne tambari, da jerin littattafan 'yan ƙungiya da ake sakawa a cikin kowane littafi, wato kowa na tallata ɗan'uwansa.

Jigogi biyu suka yi fice. Ado Ahmad Gidan Dabino (In Da So Da Ƙauna) da Balaraba Ramat Yakubu (Alhaki Kuykuyo Ne, 1990) sun tunkari soyayya da zaman aure. Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa kuwa ya karkata ga jarumta da aljanu da matsafa, hanyar da Iliya Ɗan Maiƙarfi ya riga ya share.

Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, iyaye da malamai kuma suka yi ta kukan yana lalata tarbiyya. Sai dai mai nazarin harshe zai lura cewa kalmar batsa ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta a wannan muhawara. A littattafan farko da wuya a iske an ambaci al'aura ko saduwa ƙarara. Marubutan sun fake da sakaya zance da wasiƙun masoya. Abin da ya fi tayar da hankali, ga alama, shi ne budurwa ta buɗe baki ta ƙi zaɓin iyayenta. Wannan tawaye ne, ba batsa ba, ko da yake an sami wasu marubutan baya da suka wuce gona da iri.

Tun kafin Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafai a 2007, ƙungiyar ta riga ta yi sanyi, domin jagororinta sun koma harkar fim ɗin bidiyo a shekarun 1990. Matsalar da ta bar wa manazarta ita ce ta adana: takardar mai araha ce, da yawa daga littattafan ba su ɗauke da shekarar bugu, kuma a rumfunan kasuwa da hannun masu ba da haya suka yi yawo, ba a ɗakunan karatu na jami'o'i ba.