Manhajar Ceto a Cikin Faifan Kwamfuta: Yadda Ake Tayar da Ita da Iyakar Amfaninta

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta zama ta kwamfuta, wannan na'ura ta daina zama kayan ofisoshin birni kaɗai. A garuruwa irin su Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Babura, da makwabtanta na Kazaure da Roni da Gwiwa, kwamfuta guda ɗaya tak tana iya ɗauke da sakamakon jarrabawar makaranta, ko lissafin cinikin shago na shekaru. Ranar da aka kunna ta ta ƙi tashi, abin da aka saba shi ne a ɗauke ta zuwa Kazaure ko Titin Beirut a Kano, inda sau da yawa hanya mafi sauri ga mai gyara ita ce ya goge faifan baki ɗaya ya zuba sabuwar manhaja. Na'ura ta warke, amma aikin shekaru ya salwanta. Manufar wannan lacca ita ce bayyana wata dabara ta kauce wa wannan hasara, watau ajiye ƙaramar manhajar ceto a cikin faifan kwamfutar kansa, da yadda ake tayar da ita, da kuma inda amfaninta ya tsaya.

Yadda Kwamfuta Take Tashi

Tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Da zarar an danna makunni, wani ɗan shiri da aka dasa a jikin allon na'urar shi ne yake fara farkawa. A tsofaffin na'urori sunansa BIOS, a sababbi kuwa UEFI. Aikinsa shi ne ya duba kayan jikin na'ura, sa'an nan ya nemi wanda zai miƙa wa ragama a kan faifai. A tsohon tsari, wanda ya zo da PC DOS 2.0 a 1983, BIOS yakan karanta gurbin farko na faifai, mai girman bayit 512 kacal. Daga ciki bayit 446 umarnin tayarwa ne, 64 jadawalin sassan faifai guda huɗu, ragowar 2 kuwa hatimi ne. A sabon tsari, UEFI yakan shiga wani ƙaramin sashe na musamman ya ɗauko fayil ɗin tayarwa. Wannan mai tayarwa shi ne yake ɗora babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, a cikin ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura.

Abin lura a nan shi ne, kowane hawa yana iya lalacewa shi kaɗai ba tare da takardun mai na'ura sun taɓu ba. Ɗaukewar wutar lantarki a daidai lokacin da ake rubutu a kan faifai, ko sabuntawar da ta katse a tsakiya, ko ƙwayar cutar kwamfuta, duk suna iya hana babbar manhaja tashi, alhali kuwa takardu da hotuna suna nan daram. Ƙofar gida ce ta cije, kayan ɗaki ba su je ko'ina ba. Abin da ake bukata shi ne wata ƙofa ta biyu.

Asalin Manhajar Ceto

Wannan ƙofa ta biyu ita ce manhajar ceto, watau cikakkiyar manhaja amma 'yar ƙarama, wadda take tashi da kanta ba tare da jingina da babbar ba. Yawancinsu an gina su ne a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991. A shekarar 2000 Klaus Knopper na Jamus ya fito da Knoppix, wadda take aiki daga faifan sidi ba tare da an girka ta ba. A 2003 Barry Kauler na Ostareliya ya fito da Puppy Linux, wadda ta shahara da iya zama a cikin 'yan fayiloli kaɗan a gefen wata manhajar. Tiny Core, ta Robert Shingledecker, ta bayyana a 2009, kuma girmanta bai kai megabayit 30 ba. Akwai kuma SystemRescue ta François Dupoux, wadda aka tsara musamman domin gyara, girmanta wajen gigabayit ɗaya.

Manyan kamfanoni su ma sun bi sahu. Tun daga Windows Vista kamfanin Microsoft ya samar da mahallin ceto mai suna Windows RE, wanda a Windows 10 da 11 yake zaune a wani ɓoyayyen sashe na faifai, kuma yakan tashi da kansa idan na'ura ta kasa tashi sau biyu a jere. Kamfanin Apple ya yi makamancin haka a 2011. An ga muhimmancin wannan tanadi ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama da asibitoci da bankuna suka tsaya cik. Maganin kuwa shi ne a tayar da kowace na'ura ta mahallin ceto ko ta tsararren yanayin tashi, a goge fayil guda ɗaya.

Dalilin Ajiye Ta a Kan Faifai

Ana iya tambaya, me zai hana a bar manhajar ceto a kan filasha ko faifan sidi? Amsar ita ce, sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka galibi ba su da gurbin sidi, filasha kuma takan ɓace, ko a ara ta, ko a goge ta a zuba wani abu. Sauke fayil mai gigabayit ɗaya a ranar da matsala ta auku, a wurin da intanet take da rauni kuma ba a da wata na'urar, abu ne mai wuya. Wadda aka ajiye a cikin faifai kuwa tana tare da na'urar duk inda ta je. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda Ake Shirya Ta

A na'ura mai Linux, mai tayarwa shi ne GRUB, wanda Erich Boleyn ya fara a 1995. GRUB na biyu yana da wata baiwa, watau yana iya buɗe fayil ɗin ISO, wanda shi ne hoton faifan sidi, ya karanta cikinsa tamkar faifai ne na gaske. Matakan guda huɗu ne. Na farko, a sauke fayil ɗin daga shafin masu shi, a tabbatar da lambar tantancewarsa domin kada a ajiye gurgun fayil. Na biyu, a ajiye shi, kuma ya fi kyau a keɓe masa ɗan sashe na gigabayit biyu, dabam da wanda babbar manhaja take zaune. Na uku, a buɗe fayil mai suna 40_custom a rubuta sabon zaɓi, wanda zai nuna inda hoton yake da umarnin loopback, sa'an nan ya ambaci zuciyar manhajar da umarnin linux, da ƙunshin kayan aikinta na farko da umarnin initrd. Na huɗu, a sabunta jerin zaɓin GRUB, a sake kunna na'ura, a gwada tun tana da lafiya.

Akwai wata kalma da ake ƙarawa a SystemRescue, watau copytoram, wadda take sa a kwashe manhajar gaba ɗaya zuwa ƙwaƙwalwar aiki, muddin ta kai gigabayit biyu. Hikimar ita ce, ba a gyara sashen faifan da ake aiki daga kansa, kamar yadda mai daɓe ba ya daɓe wurin da yake tsaye. Idan manhaja ta koma ƙwaƙwalwa, faifai ya sami sarari, sai a duba shi, a gyara jadawalinsa da GParted ko TestDisk, a tono hotunan da aka goge da PhotoRec, ko a kwafe takardu zuwa wani faifai.

A na'ura mai Windows aikin ya fi sauƙi, domin tanadin yana nan tun asali. Umarnin reagentc /info yakan nuna ko mahallin ceto yana kunne, kuma riƙe maɓallin Shift yayin danna sake kunnawa yakan kai ga ƙofarsa. Sai dai na'urorin gwanjo da aka sha gogewa akan tarar an share musu wannan sashe, saboda haka dubawa wajibi ne.

Iyakar Amfaninta

Wajibi ne a fahimci cewa manhajar da take zaune a kan faifai, rayuwarta tana ɗaure da ta faifan. Idan zafi ko ƙurar hunturu ko faɗuwa suka kashe shi, ta mutu tare da shi. Idan faifai ya fara ƙara ƙas-ƙas, gyara a kansa ƙara masa rauni yake yi. Abin yi shi ne a kwafe shi zuwa wani da ddrescue tun da sauran numfashi. Haka kuma idan GRUB kansa ne ya lalace, ba a isa ga zaɓin ceto sai ta filasha.

Na biyu, ƙofar da mai gida zai bi, ɓarawo ma zai iya bi. Duk wanda ya sami na'urar a hannunsa yana iya tayar da manhajar ceto ya karanta takardu ba tare da kalmar sirri ba, sai fa idan an kulle faifan. Idan kuwa an kulle shi da BitLocker, to mai shi ma ba zai shiga ba sai da mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda ya kamata a rubuta a takarda a adana. Rashin wannan mabuɗi a kusa ya jinkirta gyara a wurare da dama a rikicin 2024. Na uku, tsarin Secure Boot, wanda ya yaɗu da Windows 8 a 2012, yakan ƙi manhajar da ba ta da sa hannun da ya sani, har sai an kashe shi na ɗan lokaci.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa manhajar ceto ta cikin faifai magani ce ga cutar manhaja, ba ga mutuwar ƙarfe ba. Makarantar da take Kanya Babba, ko shagon da yake Roni, suna bukatar tanadi uku tare: manhajar ceto a kan faifai wadda aka gwada, wata a kan filasha da ke kulle a aljihun tebur, da kwafin muhimman takardu a wani faifai dabam da ake sabuntawa duk mako. Ya rage ga cibiyoyin koyar da ilimin kwamfuta na Kazaure su sanya wannan darasi cikin abin da ɗalibi zai iya da hannunsa kafin ya karɓi takardar shaida, domin mai gyara na gari shi ne wanda yake fara tambayar abin da ke cikin faifai kafin ya kai hannu ga gogewa.