Daga Gona Zuwa Famfo: Zaizayar Ƙasa da Ruwan Gubi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rafi bayan an ɗauke ruwan sama a watan Agusta ya ga yadda ruwan ke komawa ja wur. Wannan jan ba komai ba ne illa ƙasar gonar wani bawan Allah. Hausawa na kiran wannan abu zaizayar ƙasa. Ni da na koyi Hausa da girmana, kalmar ta burge ni, domin maimaicin da ke cikinta ya nuna yadda abin yake: kaɗan-kaɗan, bana a ɗiba, baɗi a ƙara, har gona ta zama kwazazzabo.

To, me ya haɗa ɗalibin da ke cikin gari da wannan? Garin Bauchi ya dogara ƙwarai da madatsar ruwa ta Gubi wajen samun ruwan famfo, ita kuwa rafukan da suka ratso gonaki ne ke cika ta. Ƙasar saman gona ita ce mai albarka, kuma ita ruwa ke fara kwasa, tare da taki da maganin feshi. Manomi ya yi asara ke nan. Idan laka ta isa madatsa sai ta kwanta, ta rage zurfinta, sannan sai an ƙara alif da sauran magunguna kafin ruwan ya shawu. Ragowar takin zamani kuma yana ciyar da gansakuka.

Maganin yana can gona, kuma yawancinsa ba baƙo ba ne. Idan manomi ya yi kunya a gicciye, ba ta bi gangara ba, kowace kunya sai ta tare gudun ruwa har ya nutse. Haka jera duwatsu, abin da ƙasar Bauchi ba ta rasa ba. Ciyawar gamba da ake barin ta a kan iyakar gona, da jema a bakin rafi, suna tace laka, ga kuma zana a samu. Inda gizo ke saƙa shi ne karan dawa: barinsa a gona yana rufe ƙasa, amma ana bukatarsa don dabbobi da danga da girki. Wanda duk ya ce wa manomi ya bar kara, sai ya faɗa masa abin da awakinsa za su ci da rani.

A Maraɗi ta Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma rainon tohon kututturen itatuwa maimakon sare shi, kuma gonakin da suka zama fili suka sake yin inuwa. A nan gida, a shekarar 2021 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, har da Bauchi. A ganina, ma'aunin irin wannan shiri shi ne launin ruwan da ke shiga Gubi a watan Agusta.