Uwargida, Hayaniyar Maƙwabta Ta Hana Ki Sakat?

Yau za mu taɓo wata damuwa da yawancinmu ke haɗiyewa saboda kunya, wato ƙarar da ke tsallako katanga daga gidan maƙwabta.

Duk wadda ta zauna cikin birnin Daura, musamman unguwannin da ke kewaye da fadar Sarki da rijiyar Kusugu, ta san yadda gidaje ke manne da juna. Da zafin bazara kuwa kowa a tsakar gida yake kwana. To, in aka ɗauke wuta maƙwabci ya tada janareto, ko aka kunna injin markaɗe tun asuba, ko aka kafa lasifikar biki har tsakar dare, ina barci?

Kada ki yarda a ce miki raki ne. Ido yana rufewa, amma kunne ba shi da murfi. Ko kina barci jikinki na jin ƙara, zuciya ta ƙara bugu, ki wayi gari da ciwon kai da saurin fushi. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara a ɗakin kwana da dare ta wuce desibel 30, wato kamar raɗa. Hirar yau da kullum kuwa takan kai 60.

Amma abin da ya fi gajiyar da mace shi ne zaman jira. Tun magariba ta kasa kunne, gabanta na faɗuwa, ko yau ma za a kunna? Dubi Sallar Gani. Ga tambura, ga algaita, ga bindiga, amma ba mai kukan ciwon kai, don kowa ya san ranar farawa da ranar tashi. Ashe ƙarar da aka san lokacinta ta fi sauƙin ɗauka.

Saboda haka, abin da za ki roƙa shi ne a tsai da lokaci. Ki shiga wurin matar gidan da rana, ba sa'ad da ranki ke ɓace ba. Bayan gaisuwa ki ce, "Yaya, don Allah ko za a riƙa kashe injin nan da ƙarfe 10? Yaran ba sa samun barci." Ban da habaici, ban da aiken yara. In bai yiwu ba, maigida ya ga maigida, daga nan sai mai unguwa. Tun 2009 akwai dokar ƙayyade ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma sulhu ya fi ƙara.

Kafin nan ki taimaki kanki. Ki matsar da shimfiɗa nesa da katangar. In gabanki ya faɗi, ki ja numfashi a hankali, ki sake shi sannu-sannu. Kada ki wuni da auduga a kunne, don hakan ƙara wa kunne tsarguwa yake. 'Yan makaranta, ku mai da bitarku lokacin da unguwa ta fi yin tsit. In rashin barci ya ɗauki makonni, a je asibiti, kada a sayi ƙwayar barci a kemis.

A ƙarshe, uwargida, ki tambayi kanki: turmina da rediyona fa, wa suke hanawa barci? Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.