Fushi Ma Yana Da Wa'adi

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san ba sai babban abu ne ke tada faɗa ba. Mutum takwas a ɗakin da aka gina don huɗu, soket ɗaya mai aiki, layin ruwa tun asuba. Ka sa waya a caji, wani ya zare ya sa tasa. Kafin ka ce kwabo murya ta tashi, an ambaci iyaye, wani lokacin har ƙabila da addini sun shigo maganar da asalinta caja ce.

Mu da muka taso a ikilisiya, tun a makarantar Lahadi ake koya mana ƙauna. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai ɗauki jin fushi shi kansa a matsayin zunubi ba. Yesu Almasihu ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Afisawa (4:26), bai hana fushi ba, wa'adi ya yanka masa: faɗuwar rana. Wato a ji haushin, amma kada a kwana da shi.

Mu kuwa matasan yanzu mun samu sabuwar hanyar kwana da shi. Ba ma tunkarar wanda ya ɓata mana rai, sai mu hau WhatsApp mu saki habaici don 'yan aji su gani, mu zauna muna duba ko shi ma ya gani. Koyarwar Yesu a Matiyu 18:15 ta saɓa da wannan kai tsaye: wanda aka yi wa laifi shi zai fara tashi ya sami mai laifin, su biyu kaɗai. Ba abu ne mai sauƙi ba, don a fuska da fuska dole ka saurari nasa bayanin, wataƙila ma ka gano kai ma kana da kaso a ciki.

Wasu abokanmu na cewa wannan ragwanci ne, in ka yi shiru za a raina ka. Su muke so su san labarin Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf, yana jagorantar matasan Kirista masu faɗa, a nan ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 wani abokinsu ya haɗa su, suka fara magana, har suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, zuciyar Wuye ba ta huce ranar da suka gaisa ba. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa ya ɗauki shekaru suna tafiye-tafiye tare, yana tunanin kashe Ashafa in ya gan shi yana barci. Lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta a asibiti, Ashafa ya je dubiya, hakan ya taɓa shi. Daga baya wani fasto ya tunatar da shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuci. Kafin nan, kullum yana zaɓar ya ci gaba da aikin, fushin na nan daram.

Bayan kashe-kashen Yelwa da Shendam a Jihar Filato a 2004, su biyun ne suka shiga tsakani, har al'ummomin suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 2005.