Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Ake Haɗa Tumuni Da Sudusi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Jihar Katsina. Ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar dami 48 na gero, magada kuwa su ne matarsa da mahaifiyarsa da 'ya'ya maza da mata. Malam ya ce musu matar tana da tumuni, tsohuwar tana da sudusi. Sai ƙaninsa ɗan makaranta ya rubuta 1/8 da 1/6, ya tara na sama ya tara na ƙasa, ya ce su biyun 2/14 za a fitar musu. Yana tambaya, shin haka ne?

To malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Amma lissafin yaron nan bai yi ba, kuma da an bi shi da an ci haƙƙin mata biyu. Ka duba, 2/14 daidai yake da kashi ɗaya cikin bakwai, watau bai kai dami 7 ba. Alhali tsohuwar ita kaɗai sudusinta dami 8 ne. Ina aka taɓa tara rabon mutum biyu ya kasa na mutum ɗaya?

Ga inda matsalar take. Lambar ƙasa ba yawan kaya ba ce, girman ma'auni take gaya maka. Tumuni shi ne an kasa dukiya takwas an ɗauki kashi ɗaya, sudusi kuma an kasa ta shida, don haka kason sudusi ya fi girma. Ai ko a kasuwa, wanda ya auno mudu ɗaya da tiya ɗaya ba ya cewa yana da biyu, sai ya mai da su ma'auni guda tukuna.

Saboda haka sai a nemi lambar da 8 da 6 duk za su raba ta ba saura. Ka ƙirga da takwas-takwas: 8, 16, 24. Ka ƙirga da shida-shida: 6, 12, 18, 24. Sun haɗu a 24. Yanzu a kasa geron gida 24. Tumunin 24 shi ne 3, sudusinsa 4. Ke nan 1/8 ya zama 3/24, 1/6 ya zama 4/24, ma'auni ya zo ɗaya, sai a tara na sama kawai, a bar na ƙasa yadda yake: 7/24. Tun da dami 48 ne, kowane gida dami 2. Matar ta ɗauki 6, tsohuwar ta ɗauki 8, dami 34 ya rage wa 'ya'ya, namiji ya sami ninkin na mace.

Wani zai ce me zai hana a buga 8 sau 6 a huta? Babu laifi, 48 ma za ta yi, amsa ɗaya za ka samu. Sai dai ƙaramar lamba ta fi sauƙin riƙewa a ka, musamman ga wanda da tsakuwa ko ƙwayar masara yake kasafinsa.

Wannan ba ilmin boko kaɗai ba ne. Malaman gado sun daɗe da shi, suna kiran lambar nan asalin mas'ala. Rabon da ya zo a Suratun Nisa'i guda shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Shi ya sa asalin mas'ala ba ya wuce 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Dattawan da suka yi ciniki kafin a kawo naira a 1973 ma sun san daɗin 12. Sule ɗaya kwabo 12 ne, rabinsa sisi, rubu'insa taro, sulusinsa kwabo 4, ba rigima. Naira kuwa mai kwabo 100, je ka raba ta uku ka gani.

'Yan kasuwa, ku ma abin ya shafe ku. A ce ku uku kun haɗa jari kun sayi wake kun ajiye. Ɗaya ya sa rabi, ɗaya sulusi, na ukun ya cika sauran. Kada ku ce rabi da sulusi 2/5 ne. Lambar da 2 da 3 suke haɗuwa a kanta ita ce 6. Rabi 3/6, sulusi 2/6, jimla 5/6, na ukun yana da 1/6. In ribar naira 90,000 ce, kowane gida 15,000: na farko 45,000, na biyu 30,000, na uku 15,000.

Abu ɗaya game da gado, kafin a soma wannan kasafi sai an fitar da kuɗin jana'iza da bashin da ake bin mamaci, sannan wasiyya in ya bari, wadda ba za ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage shi ake kasawa 24. In matan aure sun fi ɗaya, tumunin nan guda shi za su raba tsakaninsu. Gona da gida kuwa ba a kasa su kamar dami, sai an yi musu ƙima a gaban alƙali ko malamin da ya san fannin.