Bala Miller da Aikin Tsara Kiɗan Rawa a Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa in aka ce makaɗi, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne mai murya guda da 'yan amshinsa: Narambaɗa da kotso a fadar Isa, Shata da kalangu, Ɗanmaraya shi kaɗai da kuntiginsa. Waƙa ce a gaba, kiɗa na bin ta. Amma ƙarni na 20 ya haifar da wani irin makaɗi a biranenmu, wanda sana'arsa ita ce ya tara mutum goma ko ashirin, wannan da abin busa, wancan da abin kaɗawa, ya raba musu aiki har abin da ke fitowa ya zama sauti ɗaya mai ta da jama'a rawa. Shi ne shugaban makaɗa, mai tsara kiɗa. A Arewacin Najeriya, Bala Miller ne ya fi kowa suna a wannan fage.

An haife shi a 1928 a Pankshin, cikin Jihar Filato ta yau. Mahaifinsa mutumin Zazzau ne, limamin coci, daga cikin Hausawan farko da suka shiga addinin Kirista. Aiki ya kai mahaifin Lakwaja, a nan kuma yaron ya haɗu da abin da zai zama rayuwarsa. Lakwaja tsohon barikin soja ne, a can Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Makarantar cocin garin ta gaji tsofaffin kayan badujala na sojan mulkin mallaka, da su Bala ya koyi busa tun yana ƙarami. Ta wannan hanya ƙahonin ƙarfe suka shigo yawancin Afirka ta Yamma: ta bariki, ta 'yan sanda, ta makarantun mishan. Yaran da suka koyi busa don fareti su ne daga baya suka juya ƙahonin zuwa kiɗan biki.

Daga Lakwaja sai Legas, inda ya yi karatu a CMS Grammar School, makarantar sakandare mafi daɗewa a Najeriya, wadda aka buɗe a 1859. Ya tarar da birnin yana tashen kiɗan hailaif, wanda ya taso daga Gana. A shekarun 1950 E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos suna zuwa Legas suna cika gidajen rawa, Bobby Benson da Victor Olaiya kuma suna riƙe da na gida. Bala yakan yi aikin kamfani da rana, da dare ya ɗauki ƙahonsa. Ya yi busa tare da Sam Akpabot, ya kuma yi hulɗa da su Olaiya. A nan ya koyi abin da ba a koyarwa a aji: yadda ake gane filin rawa ya fara sanyi, da abin da za a busa ya sake ɗumama.

Mene ne ainihin aikin mai tsara kiɗa? Mutane da yawa suna ɗauka shi ne mawaƙi, alhali sau da yawa ba ya ko buɗe baki. Waƙa takan zo masa tsirara, karin murya kawai da 'yan baitoci. Shi zai yanke wace ganga ce za ta buɗe, sau nawa jita za ta zagaya kafin murya ta shigo, a ina ƙahoni za su faɗo gaba ɗaya, a ina kuma kowa zai ja baya a bar mai saksafon shi kaɗai. Shi zai raba wa masu busa muryoyi, wannan sama, wannan tsakiya, wannan ƙasa, yadda in suka haɗu ba za su yi karo ba. Kamar mai gayya ne da ke nuna wa kowane manomi kuyyarsa. Ga kiɗan rawa kuma akwai ƙarin sharaɗi: bugun ƙasa ba ya yankewa. Ko me ake yi a sama, ƙafar mai rawa tana bukatar abin takawa.

Da Hausa aikin ya fi wuya, kuma a nan ne nake ganin darajar Bala Miller take. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalma tana da hawa da sauka, gaɓa tana da tsawo da gajarta. In ka ɗora baitin Hausa a kan karin da aka yi domin Turanci, kalmomin sukan karkace, ma'ana ta gurɓace, Bahaushe ya ji abin baƙo ne ko da kowace kalma tasa ce. Makaɗan gargajiya ba su da wannan matsala, domin kalangu da kansa yana bin hawa da saukar magana. Ƙahon ƙarfe kuwa sai an lallaɓa shi. Dole mai tsarawa ya gina karin daga cikin maganar, ya bar ƙahoni su riƙa karɓa kamar 'yan amshi, jagora ya faɗa su mayar. Wanda ya saurari "Ikon Allah", waƙarsa da ta fi shahara, zai ji kayan kiɗan na waje ne amma zubin na gida ne.

Da ya dawo Arewa bai tsaya ga busa kawai ba. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya taimaka wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Ya sa hannu a shirye-shiryen kiɗa na bikin FESTAC na 1977, bikin da aka yi a Legas aka kuma yi gagarumin hawan dabarsa a Kaduna. A wannan shekarar ya kafa ƙungiyarsa, Great Music Pirameeds of Afrika, sunan da kan tuna wa ɗan Arewa dalar gyaɗa ta Kano. Matasa ya ɗiba ya horar da su da kansa, ƙungiyar ta yi ta girma har ta haura mutum ashirin. Kaduna ce cibiyarsu. A shekarun 1980 shirinsa na talabijin a NTA ya shigar da shi gidajen da masu su ba za su taɓa taka ƙofar kulob ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne in aka tuna yadda al'ummarmu ke kallon kiɗa. An saba da makaɗi ɗan gado, mai ubangida, mai jiran kyauta. Bala ya nuna wata hanya: makaɗi mai karatu, mai lokacin gwaji, wanda ake biyansa ladan aikinsa. Riƙe mutum ashirin da kayan aikinsu da motar ɗaukarsu nauyi ne babba, shi ya sa irin waɗannan ƙungiyoyi ba su taɓa yawa a Arewa ba.

A tsallaken iyaka ma an yi irin wannan yunƙuri. Mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela da Tajaye sun daɗe da kunne biyu, ɗaya a Rediyon Kaduna, ɗaya a Muryar Sahel ta Yamai. Nijar ta yi nata shugaban makaɗa, Alhaji Taya, wanda cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai ke ɗauke da sunansa. A Tawa kuma aka soma gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu, aka raɗa mata sunan mawaƙin gargajiya na yankin, ita ce ta buɗe wa ƙungiyoyi da dama hanya su yi kiɗan zamani da harsunan ƙasa.

A 2001 wani kamfanin faifai na Landan ya fitar da tarin waƙoƙin Najeriya na shekarun 1970 mai suna Nigeria 70, ya sa "Ikon Allah" a ciki tare da waƙoƙin su Fela Kuti da Tony Allen. Ta nan masu sauraro a Turai da Amurka suka san shi, duk da cewa an tallata tarin a matsayin kiɗan Legas, alhali wannan waƙa ta Kaduna ce. Bala Miller ya rasu a 2003. A lokacin kiɗan finafinan Kano ya riga ya koma hannun mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta a ɗakin ɗaukar sauti, aikin da a dā sai an tara masu busa da masu ganga an yi makonni ana gwaji. Tsarawar tana nan, matasan situdiyo suna yin ta kullum, amma masu iya busa ƙaho a Arewa yau yawancinsu suna badujalar soja da ta 'yan sanda da ƙungiyoyin coci ne.