Tsohuwar Libarba: Yadda Ake Ƙiyasta Kuɗinta a Gwanjo

A ƙasar Gwandu, daga Cheberu zuwa Kalgo, akan samu gidan da ke adana tsohuwar bindigar kakanni a ƙasan adaka, naɗe cikin tsumma. Yawanci ƙirar maƙeran gida ce, amma wani lokaci libarba ce irin Webley, wadda hafsoshin Ingila ke ratayawa lokacin da suka ci Sakkwato a 1903.

Nawa za ta yi a gwanjo? Masana kan fara duba sunan kamfani da lambar da aka buga jikin ƙarfen, sannan ƙarancinta, lafiyarta, da wanda ya taɓa riƙe ta. Tarihin mai ita ya fi komai ɗaga farashi. A 2021, kamfanin Bonhams ya sayar da libarbar Colt da aka harbe ɗan fashin Amurka Billy the Kid da ita kan dala miliyan 6 da ɗoriya.

Goge tsohuwar bindiga da yashi ko sauya mata ƙota yana karya darajarta.

A Najeriya, riƙe bindiga sai da lasisi, kuma wata doka ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba izini. Wanda ya gaji tsohuwar bindiga, ya fara tuntuɓar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kafin ya nemi dillali.